Wa Suka Saya, Littafin Ko Mai Littafin?

A hutun da ya wuce na tarar da ƙanwata, 'yar aji biyu a babbar sakandare, ta kifa kai a kan waya har tuwon da ke gabanta ya huce. Na tambaye ta me take karantawa haka. Ta ce labarin wata yarinya ne da wani shahararren mawaƙi ya faɗa sonta. Na yi tsaki na ce ai wannan shirme ne, wane mawaƙi ne zai tsallake matan duniya kaf ya zo ya tsaya a kan 'yar makaranta? Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Yaya, ka karanta ne?"

Ban karanta ba. Amma na riga na yanke hukunci, har da tsaki. Wannan tambayar tata ce ta sa na zauna rubuta darasin nan, domin da yawa daga cikinmu, musamman 'yan sashen aikin jarida, sashen kasuwanci da na kula da ɗakunan karatu, za mu wayi gari an ce mu yi kundin bincike a kan "ra'ayin masu karatu" ko "ra'ayin masu kallo". To ra'ayin nan, me yake aunawa? Littafin ne, ko wanda sunansa ke kan bango, ko kuwa abin da ke zuciyar mai karatun tun kafin ya buɗe shafin farko? Bari mu ɗauki misali ɗaya da ya faru a Ingila mu feɗe shi har wutsiya.

Yarinyar da littafinta

Ranar 25 ga Nuwamba 2014 kamfanin ɗab'i na Penguin ya fitar da wani littafin matasa mai suna Girl Online. Sunan da ke kan bangon shi ne Zoe Sugg, wadda duniya ta fi sani da Zoella. A lokacin shekarunta 24. Ba marubuciya aka san ta ba. Tun 2009 ta fara shafinta na intanet, daga nan ta koma YouTube, inda take zama a ɗakinta tana nuna kayan kwalliya da tufafin da ta sayo, tana hira da kyamara kamar tana hira da ƙawarta. Kafin littafin ya fito tana da mabiya fiye da miliyan 6 a YouTube, mafi yawansu 'yan mata masu tasowa. Ta kuma sha faɗa musu cewa tana fama da ciwon fargaba, irin wanda zuciya ke dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, mutum ya ji kamar ransa zai fita ba tare da wani dalili da ake gani ba. A shekarar ce ma ƙungiyar Mind, mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Birtaniya, ta naɗa ta jakadiyarta a intanet. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Labarin kuwa ga shi a taƙaice. Penny yarinya ce 'yar shekara 15 a garin Brighton da ke bakin teku a kudancin Ingila. Tana son ɗaukar hoto, tana da yawan kunya, kuma tun bayan wani haɗarin mota ciwon fargaba ya kama ta. Tana da shafi a intanet inda take zuba damuwarta ba tare da kowa ya san ita ce ba. Wata rana ta yi abin kunya a kan dandamalin makaranta, aka ɗauki bidiyo aka yaɗa, ta zama abin dariya. Ana cikin haka iyayenta, masu sana'ar shirya bikin aure, suka samu aiki a New York lokacin Kirsimeti, suka tafi da ita. A can ta haɗu da wani saurayi mai kaɗa jita, Noah, wanda ya fahimce ta kuma bai yi mata dariya ba. Abin da ba ta sani ba shi ne, Noah mawaƙi ne da tauraronsa ya fara haskawa, kuma duniya ta ɗauka yana soyayya da wata fitacciyar mawaƙiya. Da asiri ya tonu, aka gano wace ce mai shafin nan, sai jama'ar intanet suka yi mata caa da zagi.

Shi ke nan labarin. Wanda ya saba da littattafan soyayya zai iya hango ƙarshensa tun daga tsakiya. Amma akwai wata dabara a ginin labarin da ya kamata ɗalibi ya lura da ita: Penny ta so Noah kafin ta san shi wane ne. Marubutan irin wannan labari sun san cewa idan yarinyar ta san saurayin tauraro ne tun farko, mai karatu zai fara zargin ko ɗaukaka take bi. Don haka sai a ɓoye mata. Ta nan mai karatu ke cin riba biyu: ga tauraro ya zaɓi yarinya irinta, ga kuma tabbacin cewa yarinyar zuciyarta wanke take. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A tatsuniya ma muna da ɗan sarkin da ke ɓad da kama ya shiga gari cikin tsumma don ya gane mai sonsa don Allah. Abin da ya sauya kawai, sarautar yanzu yawan mabiya ce.

Lambar da ta ruɗi jaridu

A makon farko an sayar da kwafi 78,109. Tun da aka fara ajiye irin wannan lissafi a Birtaniya a 1998 har zuwa wannan lokacin na 2014, ba a taɓa samun marubucin da littafinsa na farko ya yi irin wannan ciniki a makon farko ba. Jaridu suka ɗauka, ana ta kwatanta ta da manyan marubuta.

To a nan ne darasi na farko yake, kuma 'yan sashen ƙididdiga za su riga kowa ganewa. Wanda ya sayi littafi a makon farko, ya karanta shi kafin ya saya? Bai karanta ba. Da yawa ma sun biya kuɗin tun kafin littafin ya iso kanti. Ashe ke nan lambar 78,109 ba ta gaya mana komai a kan daɗin labarin ko kyawun rubutun ba. Abin da ta auna shi ne yawan mutanen da suka yarda da Zoella har suka cire kuɗi a kan sunanta kawai. Ciniki na makon farko ma'aunin amana ne tsakanin tauraro da mabiyansa. In kana son sanin ko littafin kansa ya karɓu, sai ka jira wata shida ko shekara, ka ga ko waɗanda suka karanta sun ce wa ƙawayensu su ma su nema, ka ga ko an dawo an sayi na biyu.

Wannan kuskure muna yinsa kullum a kundin bincike. Ɗalibi zai rubuta cewa waƙa kaza "ta samu karɓuwa" saboda an kalle ta sau miliyan kaza. Kallo ai ba so ba ne. Wani ya kalla ne don ya ji abin da ake ta surutu a kai, wani don ya samu abin zagi.

Masu karatu sun rabu

Da aka fara karantawa, sai sharhi ya fara zuba a shafukan sayar da littattafai da kuma Goodreads, inda masu karatu ke ba littafi tauraro ɗaya zuwa biyar. Wanda ya zauna ya bi sharhin nan zai ga kamar ba littafi ɗaya ake magana a kai ba.

Akwai masoyan Zoella na gani-kashe-ni. Su a wajensu littafin tsaraba ce daga wadda suke ƙauna. Idan ka karanta abin da suka rubuta za ka ga maganar Zoe ta fi maganar Penny yawa. Suna jin muryarta a cikin kowane layi, suna alfahari da ita kamar yayarsu ce ta ci jarrabawa.

Akwai manya, iyaye da malamai da masu sharhin jarida, da kuma matasan da suka riga suka yi nisa a karatu. Yawancin ƙorafinsu ɗaya ne: labarin ya yi zaƙi da yawa, komai na faruwa cikin sauƙi, saurayin ba shi da aibu kamar ba ɗan Adam ba, soyayyar ta ƙullu cikin 'yan kwanaki. Maganar gaskiya, ba su yi ƙarya ba. Noah ba mutum ba ne sosai, buri ne aka sa wa riga da wando.

Amma rukunin da ya fi jan hankalina shi ne na uku, kuma shi ne wanda masu tsaki irina ke mantawa da shi. Su ne yaran da suka ga kansu a cikin Penny ta wajen ciwonta. Yarinyar da ke jin numfashinta na ɗaukewa a cikin mota ko a cikin aji, ta kasa gaya wa kowa don kada a ce tana da aljanu ko tana neman a kula ta, sai ga shi ta buɗe littafi ta tarar da wata mai irin halinta, kuma ba a mai da ita mahaukaciya ba. A wajen irin wannan mai karatu, mawaƙin nan ado ne kawai. Abin da ta ɗauka ta tafi da shi shi ne cewa abin da ke damunta yana da suna, kuma ba ita kaɗai ba ce. Idan babba ya zo ya ce mata littafin shirme ne saboda soyayyar cikinsa ba ta yi kama da gaskiya ba, to sun yi hannun riga, domin shi yana auna ɓangaren da ita ba shi ta karanta ba.

Masana adabi sun daɗe da lura da wannan. Tun 1938 wata malama Ba'amurkiya, Louise Rosenblatt, ta yi bayani a littafinta Literature as Exploration cewa ma'ana ba ta kwance a cikin takarda tana jiran a zo a ɗauka. Tana samuwa ne a lokacin da mai karatu ya haɗu da rubutun, ya zo da shekarunsa da tsoronsa da abin da ya taɓa gani. Tuwo ɗaya ne, amma mai jin yunwa da wanda ya ƙoshi ba za su ba da labarinsa iri ɗaya ba.

Sai ga wata sabuwa

Ko mako biyu littafin bai yi a kasuwa ba aka fara ƙus-ƙus. Wasu masu sa ido sun lura cewa a shafin godiya Zoe ta gode wa wata mata, Siobhan Curham, wadda ta daɗe tana rubuta littattafan matasa. Aka fara tambaya, wace rawa ta taka? A farkon Disamba 2014 kamfanin Penguin ya amsa cewa lallai Zoe ba ita kaɗai ta rubuta littafin ba. Ita ma Zoe ta fito ta ce tabbas an taimaka mata, kamar yadda ake taimaka wa duk wanda ya shiga sabon abu, amma labarin da mutanen cikinsa nata ne. Daga nan ta sanar cewa za ta ɗan janye daga intanet na 'yan kwanaki.

Yanzu ku tsaya ku yi tunani a kan abin da ya faru. Ranar 1 ga Disamba da ranar 10 ga Disamba, littafin bai canza ba. Ko waƙafi ɗaya ba a cire ba. Penny tana nan, Noah yana nan, New York tana nan. Amma ra'ayin mutane da yawa ya juya. Waɗanda suka yaba jiya suka ce an yaudare su. Waɗanda ba su ma karanta ba suka shiga ba da tauraro ɗaya don huce haushi. Wasu masoyan kuma suka ƙara ƙanƙame ta, suka ba da biyar don kare ta, har wasu suka koma kan Siobhan Curham da zagi kamar ita ta yi laifi. Ita kuwa ta rubuta cewa ba ta nemi wannan hayaniya ba, kuma tana ganin zai yi kyau a tattauna batun faɗin gaskiya a harkar littattafan fitattun mutane.

Da malamin kimiyya ne ya shirya gwaji, da wuya ya shirya wanda ya fi wannan tsafta. An riƙe littafi yadda yake, an sauya abu ɗaya tak, wato abin da mai karatu ya sani game da wanda ya rubuta, sai ga sakamako ya sauya. Wannan ya nuna ƙarara cewa wani kaso na "ra'ayi a kan littafin" tun asali ra'ayi ne a kan mai littafin.

Shin yaran da suka ji haushi suna da hujja? Ni dai ina ganin suna da ita. Rubuta wa wani littafi ya sa sunansa tsohuwar sana'a ce. 'Yan siyasa da 'yan ƙwallo da yawa haka tarihin rayuwarsu ke fitowa, kuma babu mai ɗaga murya, don babu wanda ya ɗauka ɗan ƙwallo ne ya kwana yana gyara jimla. Amma jarin Zoella daban ne. Abin da ta gina sunanta a kai shi ne cewa ita ce dai yadda kuka gan ta, ba ɓoye-ɓoye, ga ni a ɗakina, ga damuwata. Yarinyar da ta tara kuɗin kashewarta ta sayi littafin, muryar Zoe ta je saya. Da aka ce mata muryar da hannun wata a ciki, dole ta ji wani iri. A gefe guda kuma, kamfanin da ya san harkar ciki da bai, wanda da ya ga dama da ya sa sunaye biyu a bango tun farko, shi ya fi cancanta da tambaya fiye da 'yar shekara 24 da aka kawo wa kwangila. Amma zagi bai san kamfani ba, fuska yake nema.

Wani abin da ya fi ba ni mamaki: littafin fa gaba ɗaya gargaɗi ne a kan yadda taron intanet ke yi wa mutum rubdugu ba tare da sun san cikakken labari ba. Cikin mako biyu abin da ya samu Penny a takarda ya samu mata biyu a zahiri. Wasu daga cikin masu jifan sun karanta littafin, sun tausaya wa Penny, sannan suka rufe shi suka ɗauki dutse.

Duk da haka littafin bai mutu ba. Na biyu ya fito a 2015, na uku a 2016.

Son maso wani

Me ya sa mutum zai ji zafi haka a kan wadda ba ta san yana duniya ba? A 1956 wasu masana biyu a Amurka, Donald Horton da Richard Wohl, suka rubuta maƙala a kan masu gabatar da shiri a rediyo da talabijin. Sun lura cewa mai gabatarwa yana kallon kyamara, yana magana kamar da kai kaɗai yake, yana zuwa kullum a lokaci ɗaya, har mai kallo ya fara jin ya san shi kamar maƙwabci. Shaƙuwa ce ta gaske a zuciyar mai kallo, amma gefe ɗaya take tafiya. Kai ka san ranar haihuwarsa da abincin da yake so, shi kuwa ko sunanka bai taɓa ji ba. Bahaushe ya riga su da cewa son maso wani ƙoshin wahala.

Abin da suka gani a zamanin talabijin mai baƙi da fari, wayar hannu ta ninka shi. Tauraron yanzu yana cikin aljihunka, yana magana daga kan gadonsa, wata rana ma ya danna alamar so a kan abin da ka rubuta, ka kwana kana murna. Ba sai mun je Ingila ba, ku dubi yadda ake kwana ana faɗa a Facebook da TikTok a kan mawaƙa da 'yan fim ɗinmu, abokai su ɓata a kan mutanen da ba su san da zamansu ba.

Littafin soyayya da tauraro yana yi wa wannan ciwo magani na ɗan lokaci. A cikin shafukansa, shaƙuwar da ke tafiya gefe ɗaya ta juyo. Wanda dubbai ke kallo ya waiwayo ya kalli mutum ɗaya, kuma mutum ɗayan nan irinki ce, mai kunya, mai tuntuɓe, wadda ba kowa ba. A Girl Online abin ya zama hawa biyu: a cikin labari Penny na son tauraro, a wajen labari mai karatu na son tauraruwar da ta sa sunanta a bango. Shi ya sa da aka taɓa hawa na biyu, na farko ya girgiza.

Akwai wani misali da ya fito a shekarar, wanda ya nuna abin ta wata fuska. A 2013 wata Ba'amurkiya, Anna Todd, ta fara rubuta labari a manhajar Wattpad, tana sakin shi babi-babi, mafi yawa daga wayarta. Ta ari suna da kamannin Harry Styles na ƙungiyar mawaƙa ta One Direction ta ba jarumin labarin. An karanta shi fiye da sau biliyan ɗaya a manhajar. Da za a buga shi a takarda a 2014 da sunan After, aka sauya sunan jarumin zuwa Hardin Scott, a 2019 kuma aka yi fim ɗinsa. Jarumin nan mai zafin rai ne, mai kishi, mai wulaƙanta budurwarsa ya dawo yana ba da haƙuri. Masu karatu suka rabu: wasu na ganin soyayya ce mai zafi, wasu na ganin ana koya wa yara cewa cin zarafi so ne. Sai kuma wasu masoyan Harry Styles da haushinsu daban ne, su cewa suke an ɓata wa gwaninsu suna, don shi ba haka halinsa yake ba. Ku ji fa. Sun san halinsa. Daga ina?

Kada mu raina mai karatu

A nan sai an yi hattara, domin abu ne mai sauƙi mu kammala cewa yaran nan ba su da wayo, an wanke musu ƙwaƙwalwa. Wata malama, Janice Radway, ta gwada wata hanya. Maimakon ta zauna a ofis ta yanke hukunci a kan littattafan soyayya, sai ta je wani gari a tsakiyar Amurka ta tattauna da mata 42 masu karanta su, ta fitar da sakamakon a 1984 a littafinta Reading the Romance. Ta tarar matan suna da ma'auni mai tsauri, sun san littafin da ya yi da wanda bai yi ba, suna watsi da wanda jarumin ya cika mugunta. Ta kuma gano cewa ɗaukar littafin kansa wata sanarwa ce: matar da ta yini tana hidimar miji da yara, idan ta buɗe littafi tana cewa wannan sa'ar tawa ce.

Mu ma nan mun taɓa irin wannan muhawara. Da littattafan soyayya na Hausa suka cika kasuwa daga ƙarshen shekarun 1980, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, malamai da marubuta sun yi ta kai ruwa rana a jaridu, wasu na kiransu adabin kasuwar Kano, wasu na kare su. A 2007 har ƙona wasu aka yi a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. An ji muryar malamai, an ji ta hukuma, an ji ta marubuta. Muryar da ta fi ƙaranci a muhawarar ita ce ta 'yan matan da ke ɓoye littafin a cikin littafin lissafi. Yau littattafan sun koma WhatsApp da Wattpad, masu karatu na mayar wa marubuciya martani babi-babi, har su matsa mata ta sauya ƙarshen labari. Ga fili nan a buɗe ga duk mai neman batun bincike.

In za ka yi aiki a kai

Abu na farko, duba ranar da aka rubuta sharhi. A misalinmu, sharhin da aka rubuta kafin farkon Disamba 2014 da wanda aka rubuta bayansa ba abu ɗaya suke aunawa ba. In ka zuba su a tukunya ɗaya ka fitar da matsakaici, lambar da za ka samu ba ta wakiltar kowa.

Sannan ka karanta abin da mutum ya rubuta, kada ka tsaya ga taurarin da ya bayar. Ka tambayi kanka, a cikin layukan nan nawa ne ke magana a kan labarin, nawa a kan marubuciyar, nawa a kan shi mai sharhin? Akwai alamar ya karanta littafin kuwa? Wanda ya ambaci wani abu da ya faru a tsakiyar labari ya fi wanda ya ce "ya yi daɗi" ko "shirme ne" nauyi, ko da ra'ayinsa bai yi maka ba. Za ka iya ɗaukar sharhi hamsin, ka ja layi uku a takarda, ka rarraba kowace jimla. Aikin yini ɗaya ne, kuma ya fi takardar tambayoyin da ake raba wa abokai a hostal su cike a tsaye.

Ka kuma tuna da waɗanda ba su yi magana ba. Mai rubuta sharhi yawanci wanda abin ya burge ƙwarai ne ko wanda ya fusata. Wanda ya karanta ya ce "ba laifi" ya ajiye, ba ya wahalar da kansa. Yarinyar da littafin ya fi taɓa wa zuciya ma, wataƙila ita ce ba za ta taɓa rubuta komai a bainar jama'a ba, don abin da ya taɓa ta sirrinta ne. Irin wannan sai an je an zauna da ita, kamar yadda Radway ta yi, kuma ba za ta buɗe baki ba in ta ga alamar tsaki a fuskarka.

Ni ma sai da na koma wajen ƙanwata kafin hutu ya ƙare. Na ce ta ba ni labarin. Ta yi kusan rabin sa'a tana bayani, kuma mawaƙin bai fi minti biyar a ciki ba. Sauran duk a kan kishiyar uwar yarinyar ne, da yadda aka hana ta komawa makaranta.